Gefen da Ya Bari a Buɗe

Tun muna sakandare ake kirana Koci, alhali ban taɓa horar da ko ƙungiyar layi ba. Ƙwallon ma ban iya ba. In na buga ta gabas sai ta nufi kudu. Abin da na iya shi ne magana a kanta. A gidan kallo ni ne mai bayyana wa mutane dalilin da ya sa aka ci ƙungiyarsu, ko da yake yawanci sai an ci ɗin nake gano dalilin. Sunan ya bi ni har na zama malamin lissafi a nan Haɗeja, ɗalibaina ma in za su yi gulmata da shi suke yi. Ina son sunan nan. Na fi son sa a kan sunana na yanka, Allah ya jiƙan wanda ya raɗa mini.

Abin da ya ƙara tabbatar mini da shi wata tsohuwar kwamfuta ce mai ƙaton ƙeya, da na karɓa a hannun wani mai shagon buga takardu lokacin da zai tashi. A cikinta na tarar da wasan. Ba irin na yaran yanzu ba ne da ake ganin 'yan wasa suna gudu har da gumi. Shi wannan ko ƙwallon ba ka gani. Kai ne mai horarwa: ka ɗauki 'yan wasa, ka jera su, ka ba su umarni, sannan ka danna ka zauna kana karanta rubutu a ƙasan allo, wane ya ba wane, wane ya buga, ta wuce ta saman raga. In an ci, rubutun ya yi ta ƙyaftawa. Shi ke nan. 'Yan wasan da ke ciki duk sun daɗe da ajiye takalmi, wasu sun yi tumbi suna sharhi a talabijin, amma a wajena har gobe 'yan shekara goma sha tara ne.

Inda na fi so a wasan shi ne allon jeri. Fili ne kore da 'yan da'irori goma sha ɗaya masu lamba, kana jan su da linzamin kwamfuta ka ajiye inda ka ga dama. A nan nake nuna cewa ni malamin lissafi ne. Huɗu a baya, huɗu a tsakiya, biyu a gaba, kowane layi a miƙe kamar da rula aka ja, abin da ke dama shi ke hagu. In zan je baƙunta gidan babbar ƙungiya sai in janye mutum ɗaya daga gaba in cika tsakiya. Ina da wani littafi mai jan bango da nake rubuta wane jeri ke cin wane. Shekara da shekaru ina ɗaukar kofi ni kaɗai, ba mai gani sai maiɗakina in ta leƙo ta ce abinci yana hucewa.

Da na haɗa sola a gidan sai na fito da kwamfutar zaure saboda iska, daga nan majalisa ta kafu. Bayan la'asar mutanen layi su shigo su zauna a tabarma, wasu don kallo, wasu don cajin waya. Wanda ya fi kowa baki a cikinsu shi ne telan da shagonsa ke jikin gidana. Yawancinsu ba sa jin Turanci, ni nake fassara musu rubutun, ina ƙara gishiri, su yi ta ihu kamar suna gani da ido.

Wata Juma'a ɗan gwaggona ya shigo da ƙunshin bandar kifi da uwarsa ta aiko mana. Ita ƙanwar mahaifina ce, shi kuma sa'ana ne, watanni ne tsakaninmu. Taubashina ne ke nan, kuma tun muna yara ba mu taɓa gaisawa ba tare da tsiya ba. Manomi ne: shinkafa da damina a fadamar da ke kudu da gari, alkama da rani, in ya sami sarari ya jefa koma a kogi. Bai yi nisa a boko ba, Turancinsa bai wuce na jikin buhun taki ba. Ya daɗe yana leƙen allon ta bayana.

"Koci, ina ƙwallon?" in ji shi.

Na nuna kaina da yatsa na ce, "A nan take."

"Shi ya sa ba a ganinta. Wuri ne mai duhu."

Majalisa ta fashe da dariya, ni ma na yi. Kuma ni na jawo shi cikin wasan, ba wanda ya sa ni. Wasan yana yarda mutum biyu su riƙe ƙungiyoyi biyu a gasa ɗaya, kowa ya buga nasa in layinsa ya zo, kuma gasar ba ta gaba sai dukansu sun buga. Na gaji da cin kwamfuta. Ina son in ci mutum mai fuska, wanda zan haɗu da shi a wurin ɗaurin aure in tuna masa. Na zaɓar masa wata 'yar ƙungiya ta wani gari a Turai da har yau ba mu iya faɗin sunansa ba, ni kuma na riƙe tawa da na daɗe ina ginawa.

Kakar farko na sha daɗi. Da hannuna na jera masa huɗu-huɗu-biyu, ya yi ta dannawa ana cin sa, ya ƙare can kusa da ƙasan teburi. Duk inda muka haɗu sai na tambaye shi ko 'yan bayansa sun tafi korar tsuntsu ne a gona. Ya yi dariya ya ce shi ƙasar yake karanta tukuna. Na ɗauka irin maganar wanda aka ci ce.

Kafin a fara kaka ta biyu ya zo mini da buƙata. Kowane ɗan wasa yana da jerin halaye wajen ashirin a rubuce da Turanci, da lamba a gaban kowanne. Ya ce in rubuta masa uku kawai da Hausa: wanne ne tsalle, wanne ne gudu, wanne ne rashin gajiya. Na ce to basira fa, da iya yanka, da iya raba ƙwallo? Ya ce in bar su, ba ya gane su. Ya sallami duk gwanayen da ke ƙungiyarsa, har da wani lamba goma da na daɗe ina haɗiyar yawu a kansa, na kuwa ɗauke shi ina yi masa dariya. Ya kawo wasu dogayen 'yan baya uku da ya raɗa wa suna raƙuma, da wani lamba bakwai da ba abin da ya iya a duniya sai gudu.

Sannan ya buɗe allon jeri ya yi abin da ya sa na kusa faɗowa daga kan benci. Ya kama lamba uku, mai tsaron baya ta hagu, ya ciro shi daga wurinsa ya kawo shi tsakiyar fili, gaban raƙuman nan. Gefen hagu ya zama fayau, tun daga kusurwa har tsakiyar fili ba kowa. Sauran da'irorin ma a hargitse suke, wannan ya leƙo gaba, wancan ya karkace, ba layi ɗaya da ya miƙe. Na ce masa wannan ba jeri ba ne, awaki ne aka kwance.

"Koci, ka taɓa yin jinga?"

Na ce na taɓa gani ana yi.

"To in ka zagaye gona da ita kaf, ka toshe ko'ina, ruwa ba ya fasa zuwa don ya ga ka yi ƙoƙari. Zai bi yana lalube har ya sami inda ƙasa ta fi taushi, ya fasa nan, kuma ba kai ka zaɓa masa wurin ba. Ni a gonata akwai wani kwari ta yamma, tsakanina da maƙwabcina. Tun zamanin iyayenmu ba a shuka komai a wurin, sai ciyawar kacala ke fitowa. Nan muke bar wa ruwa hanya, ya bi ya wuce ya faɗa tafki, shinkafa tana tsaye." Ya ɗora yatsa a gefen hagun allon. "Waɗannan ma dole su zo. To su zo ta nan. In sun zo me za su yi? Su ɗago ta sama. Ga raƙumana uku suna jira."

Na ce masa ƙwallo ba ruwa ba ce, na kuma juya wa majalisa ina yi musu bayanin dalilai huɗu da za su sa a yi masa ruwan ƙwallaye. Tela ya gyaɗa kai a kan kowanne.

Ya ci wasan farko. Na ce sa'a ce. Ya ci na biyu, ya yi canjaras a na uku, ya ci na huɗu da na biyar. Kuma ni ne mai fassara, da bakina nake faɗa, kusan kullum labari ɗaya: ɗan gefen abokan karawa ya ga fili ya sheƙa ta hagu, ya ɗago ƙwallo, raƙumi ya sa kai ya fitar, ta faɗo gaban lamba uku, ya miƙa wa lamba bakwai, shi kuma ya ruga ya tarar da gida ba kowa saboda duk sun bi gefen da aka buɗe musu. Rubutu ya yi ta ƙyaftawa.

Hassada ce, ba ni da wani suna da zan ba ta. Na san ta a littafi, na sha jin wa'azi a kanta ina kallon wasu, ban san tana da ɗanɗano a baki ba sai a lokacin. In ƙungiyata ta ci, nakan miƙe tsaye in ja muryar nan har a jiyo ni a shagon mai shayi. In tasa ta ci sai in faɗa kamar ina kiran suna a aji. Tela yakan ce, "Koci, ƙara murya mana, ba ma ji." Akwai ranar da na kama kaina bayan sallar la'asar ina fatan lamba bakwai ɗinsa ya ji ciwo a cinya. Ban ɗaga hannu ba, amma zuciyata ta ɗaga.

Da a ce ya wahala a kan abin, da da sauƙi. Amma mutumin nan zai shigo da laka a ƙafar wando, ya zauna a kujerata, ya riƙe linzami da yatsu biyu kamar yana da zafi, ya danna, ya ci gaba da ɓare gyaɗa. Wani lokaci ana saura minti goma a tashi zai miƙe ya ce zai je ya duba injin ban ruwa, in gaya masa yadda aka ƙare. Ni da na cika littafi guda da zane da lissafi, ga wanda ya san kalmomi uku ya zo yana wuce ni a teburi yana tauna.

Na kwafi jerin nasa a ɓoye. Wata Asabar da hantsi, ba kowa a zaure, na zana shi a bayan littafina mai jan bango, na buɗe wata gasa daban ni kaɗai na gwada. Aka yi mini biyar. Na ce 'yan bayana gajeru ne, na nemo dogaye, aka yi mini uku. Na yi kwanaki ina juya abin, in matsar da wannan, in dawo da wancan, ban taɓa gane inda sirrin yake ba. Da na tambaye shi da ya gaya mini, har ya zauna ya nuna mini, na san halinsa. Wannan ne ma ya hana ni tambaya.

Ranar da ƙungiyoyinmu suka haɗu na shirya masa sosai. Na umarci 'yan wasana kada su bi gefen nan, su ratsa ta tsakiya. Tsakiyar kuwa a cushe take, ga lamba uku a tsaye kamar turmi. Suka yi ta karo suna dawowa, daga baya suka watsar da umarnina suka bi inda aka buɗe musu. Biyu da nema ya ci ni. Ya tashi yana kakkaɓe ɓawon gyaɗa ya ce, "Ɗan kawu, a gaida littafi." A ƙarshen kakar wata babbar ƙungiya ce ta ɗauki kofi, shi ya zo na biyu, ni na huɗu.

Maiɗakina ta ga na rage cin abinci. Da ta ji dalili sai ta ajiye ludayi ta ce, "Yanzu kai da ɗan uwanka kake wannan baƙin cikin, a kan mutanen da babu su?" Na ce mata akwai su. Ta ce to Allah ya ba su lafiya.

A farkon kaka ta uku ne aka fara taɓa mini inda ya fi ciwo. Muna zaune tela ya ce, "Koci, wa za ka saka a gaba yau?" Na buɗe baki zan amsa, sai na ga ba ni yake kallo ba, taubashina yake kallo. Da ya lura sai ya gyara da dariya, ya ce ai yanzu biyu ne, Kocin littafi da Kocin fadama. Kowa ya yi dariya, har da ni. Ranar ban ci tuwon dare ba.

Wannan kakar na dage iyakar dagewata, muka bar kowa a baya, daga ni sai taubashina. Ana saura wasa uku-uku a gama, yana gabana da maki biyu, sai ruwa ya zo.

Mu a nan ba ruwan sama muke tsoro ba kamar wanda kogi ke kawowa daga yamma a ƙarshen damina, wani lokaci ranar da ko hadari babu. Mutanen wajen Miga suka fara bugo waya suna cewa ya wuce su da ƙarfi. Gari ya tashi, aka fita bakin jinga ana cika buhuna da ƙasa. Ni ma na je na riƙe bakin buhu kwana biyu, hannuna ya yi kanta. Taubashina kuwa ya ɓace, ya koma fadama yana kwana a bukkar gona, shinkafarsa ta fara fitar da kai.

Bayan mako guda jingar gari ta riƙe, hankali ya ɗan kwanta, majalisa ta dawo. Gasa kuwa tana tsaye cak, don shi ne zai buga. Ba abin da zai hana a jira shi. Kwamfutar da ta jira shekara ashirin za ta iya jiran mako biyu. Amma na ɗauki waya na kira shi.

"Ya ruwa?" na ce.

"Yana nan yana lalube. Ya iyali?"

"Lafiya lau. Mutane ne suke ta damuna da maganar wasan nan."

Ba wanda ya dame ni. Tela ne ya tambaya sau ɗaya. Taubashina ya yi dariya, ina jiyo hayaniyar mutane da ƙarar shebur a bayansa.

"To ka buga mini mana. Komai a jere yake, dannawa kawai za ka yi. Kar ka taɓa komai. Amana, ɗan kawu."

"Haba, sai ka ce yaro kake wa magana."

Wasan farko na riƙe amana. Na zauna a gaban ƙungiyarsa na danna, ban taɓa komai ba, suka ci uku da ɗaya. Tawa ma ta ci, tazarar tana nan. Tela ya miƙe yana tafi. "Ikon Allah! Ko ba ya nan ma ci yake! Koci ya bar aljani a kujera." Koci kawai ya ce, bai ma ƙara da na fadama ba. Sannan ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai kuma Malam, ka iya danna masa da kyau."

Malam. Shekara goma muna maƙwabtaka da mutumin nan bai taɓa kirana Malam ba.

Washegari na dawo daga makaranta bayan azahar, rana tana dukan kwano, layin shiru. Na shiga zaure na kunna kwamfuta, na buɗe allon jerinsa. Na gaya wa kaina cewa ƙungiyar da zai haɗu da ita tana da ɗan gefe mai haɗari, duk mai horarwa na kirki zai rufe masa hanya, taimakon ɗan uwana zan yi. Tun ina faɗa na san ƙarya nake. Ni da na yi kwanaki ina nazarin jerin nan, ko ban iya buga shi ba na san abin da zai kashe shi. Na kama lamba uku na ja shi na mayar gefen hagu, inda littafi ya ce wurinsa yake. Tafiyar ba ta kai tsawon ɗan yatsana ba. Na ajiye wasan na je na ci abinci, na kuma ci da yawa.

Da la'asar ban buɗe allon jeri a gaban mutane ba, na wuce kai tsaye na danna. Abokan karawarsa suka zo suka tarar gefe a rufe, tsakiya kuma ba turmi. Suka riƙa zura ƙwallo a ƙasa ta tsakanin raƙuman nan, su kuwa kafin su juya an wuce su. Biyu da nema aka ci su. Sai can na ji muryata tana fassarawa da ƙarfi, har da jan baki, na yi sauri na rage. Tawa ta ci nata wasan, na hau sama da maki ɗaya. Wasan ƙarshe ma ban mayar da lamba uku ba. Suka yi canjaras, ni na ci.

Hoton kofi ya fito a allo, wani ɗan rawaya-rawaya mai kunne biyu. Tela ya girgiza kai ya ce, "Ashe aljanin ma sai da mai shi. To, Koci, ka dawo." Na ji daɗi. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi har cikin kunnena. Da mutane suka fita alwalar magariba na buɗe allonsa na mayar da lamba uku tsakiya, na daidaita shi da kyau yadda ba wanda zai gane.

Da safe maiɗakina ta dawo daga gidan gwaggo ta ce ruwa ya cinye gonar taubashina. Duka, ko kan shinkafa ba a gani. Na je na yi wa gwaggo jaje, ban same shi ba, yana can da kwale-kwale yana taya wasu kwashe abin da ya rage musu.

Sai bayan kwana huɗu ya shigo zauren, da la'asar. Ya rame, ƙafafunsa sun yi fari sun tsattsage saboda zaman ruwa. Majalisa ta yi masa jaje, Allah ya mayar da alheri, ya yi ta amsawa da amin. Sannan ya juyo wajena da murmushin nan nasa.

"To ɗan kawu, nuna mini kofina. Kwana goma ina cikin ruwa har ƙugu, in na gaji shi nake tunawa."

Na ce an ci su ɗaya, sun yi canjaras ɗaya, ni na ɗauka da ƙyar.

"Af," ya ce. "To Allah ya sa albarka."

Na tashi na ba shi kujera. Ya riƙe linzamin da yatsu biyu ya buɗe allon jeri. Ya daɗe yana kallo. Ina tsaye a bayansa ina kallon ƙeyarsa, ina jiran ya yi mini tsiya, ya ce hannuna ne mai mugun baki, ya ce komai. Bai ce ba. Ya rufe allon ya juya yana ba tela labarin wata tarwaɗa da aka kama a cikin masallacin wani ƙauye. Sai da aka kira magariba, mutane suka fita, muka rage mu biyu, sannan ya sake buɗewa.

"Wa ya taɓa lamba uku?"

"Yana inda ka bar shi."

"A'a. Nawa a karkace yake, yana ɗan leƙa dama, don ya riga kowa ganin lamba bakwai. Wannan an daidaita shi da lamba shida kamar da rula." Ya nuna da yatsa. "Wannan hannun malamin makaranta ne."

Sirrin da na yi kwanaki ina nema ke nan, ya faɗa mini shi a jimla ɗaya, a lokacin da ba zai amfane ni da komai ba. Na fara maganar ɗan gefe mai haɗari, na ji yadda take fita na bar ta. Sai na ce akwai ajiyar da na yi kafin wasannin, za mu iya komawa baya ya buga da hannunsa, ba wanda zai sani.

"Bar shi," in ji shi. "Ni ma gonar ba a komar mini da ita makon jiya ba."

Ya sunkuya yana murza tafin ƙafarsa.

"Ka san yadda ta tafi? Jingata ba ta fashe ba, tana nan ƙalau. Maƙwabcina ne ya tsorata da ya ga ruwa yana lasar tasa, ya tara buhuna a bakin kwarin nan da muke bar masa hanya. Da ya rasa inda zai bi sai ya taru, ya haura ya shigo mini ta tsakiya. Ban yi masa magana ba. Shinkafarsa yake karewa, yana da bakuna da yawa a gida." Ya ɗago ya kalle ni, ba da fushi ba, kamar da gaske yana son ya sani. "Kai me kake karewa?"

Ina da amsa, amma ba irin wadda ake faɗa wa mutumin da ƙafarsa ke tsage ba ce. Sai aka ta da iƙama. Ya miƙe ya sa takalmi. A bakin ƙofa, ga tela yana yarfe ruwan alwala, ya juyo ya ce, "Sai da safe, Koci." Haka kawai, ba ƙari, ba tsiya. Tun da muka yi wayo ban taɓa jin ya sallame ni a miƙe haka ba.

Bai gaya wa kowa ba, har yau tela yana ganin aljani ne ya gudu. Da ruwa ya janye ya shuka alkama a wurin, ta kuwa yi kyau. Yana zuwa gidana, yana kawo saƙon gwaggo, mu gaisa cikin ladabi kamar surukai, ya tambayi iyali in tambayi gona. In na nuna masa kujera sai ya ce sauri yake. Na sha takalarsa da tsiya ko zai rama, ya yi murmushi kawai. Gasarmu tana nan a ranar farko ta kaka ta huɗu, ba ta gaba sai ya buga. Sunan kuma ya dawo mini ni kaɗai, kowa da shi yake kirana, har shi.